Bindigar Baba da Kaset ɗin Maharba

Lokacin zafi ne, irin zafin Riyad wanda in ka taɓa ƙarfen ƙofa da rana sai ka yarfe hannu. Wannan mun saba da shi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne nauyin da ya zauna wa mutane a ƙirji a waccan shekarar. Kuɗin mai ya faɗi, ana ta rage ma'aikata, kusan duk Juma'a sai mun ji wani namu ya ɗaure kaya. Ba da faɗa ake korar mutum ba. Kwangilarsa ce za ta ƙare a ƙi sabunta ta, iƙamarsa ta mutu, wato takardar zaman ƙasa, daga nan sai filin jirgi.

Tamu kwangilar ta kusa ƙarewa, kuma ba a ce mana komai ba tukuna. Maigidana yana gyaran injinan wuta da na sanyi a wani asibitin kuɗi. Asibitin ne kafilinmu: fasfo ɗinmu yana hannunsu, gidan da muke ciki a Al-Suwaidi ma su suka kama mana. Yaranmu biyu sun shiga makaranta, a gida kuwa ana fama da tsadar abinci, kuma abin da muke aikawa shi ke riƙe da Inna, mahaifiyarsa. Saboda haka muka koyi zaman shiru. Ko daka zan yi sai na ninka tsohon bargo na sa a ƙarƙashin turmi, don mai ginin a ƙasanmu yake zaune, shi da tsohuwarsa.

Mai ginin dogon mutum ne mara yawan magana, gaisuwa ma da ka yake amsa ta. Tsohuwar kuwa kowa a ginin Yumma yake ce mata, ni ma na bi sahu. Tsakanina da ita kwano ne. Ta aiko min da dabino, in mayar mata da kwanon da masa a ciki. Larabcina na kasuwa ne, na tambayar farashi da gaisuwa, don haka hirarmu ba ta taɓa wuce lafiyar yara da zafin gari ba.

Wata Alhamis wata nas 'yar garinmu ta dawo daga hutu ta kawo mana kaset. A lokacin haka ake yi. Ni na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya karanta wasiƙa in rubuta amsa a hankali, amma Inna da Yaya, wan maigidana, ba sa rubutu. Sai su sami mai rikoda a zauna a tsakar gida, kowa ya faɗi nasa, har kukan akuya ya shigo ciki.

Muka ajiye shi sai bayan la'asar, don Likita zai zo cin abinci. Likita abokin maigidana ne tun firamare, asibiti ɗaya suke aiki, kuma shi ne mai yi mana tafinta duk lokacin da Larabci ya yi zurfi. Bayan sun ci tuwo, yara suna ɗaki suna barci, maigidana ya ɗora rikoda a kan tebur. Ni na zauna a bakin ƙofar kicin da kofin shayina.

Muryar da ke cikin kaset ɗin ba ta fita sosai, ga mukayyif, wato injin sanyin da ke jikin bango, yana ta ruri kamar injin niƙa. Sai maigidana ya murɗa rikodar har ƙarshe.

Inna ce ta fara. Ta gaishe mu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce man zafin da na aika ya yi mata amfani a gwiwa. Sai Yaya ya karɓa. Daga yadda ya yi gyaran murya na san ba gaisuwa ce kaɗai ta kawo shi ba.

Ya ce 'yan sanda suna bi ƙauye-ƙauye suna karɓe bindigogin toka saboda fashi ya yi yawa. A wani gari kusa da mu sun kwashe na maharba duka, mutum ɗaya-ɗaya, ba wanda ya iya buɗe baki. Shi ya sa Sarkin Baka ya tara maharban yankin suka kafa ƙungiya, don su je gaban hukuma da murya ɗaya, su nemi takardar izini, su kuma tsaya wa duk wanda aka taɓa. Amma ƙa'ida ce, kowace bindiga sai mai ita ya tsaya mata da bakinsa.

"Bindigar Baba kuwa taka ce," in ji Yaya. "Ni ba ni da bakin magana a kanta. In ka shiga, ta shiga. In ka yi shiru, ranar da suka zo ɗakin Inna ba wanda zai tare su. Kuma Sarkin Baka ya ce ka tara 'ya'yan maharba da ke can wurinku, ku ma ku zama reshe, ku riƙa turo gudunmawa."

Ya kamata in faɗi yadda aka yi bindigar ta zama tasa alhali shi ne ƙarami. Tun yana yaro shi ke bin mahaifinsu daji, yana riƙe masa jakar albarushi, Yaya kuwa gona ya bi. Da tsohon zai rasu sai ya ce a bar wa wanda ya san nauyinta. Daga baya maigidana ya tafi makarantar koyon sana'a, ya zama mai gyaran inji, amma bindigar tana nan rataye a ɗakin Inna, naɗe cikin tsohon zane. Ita ke shafa mata mai duk ƙarshen damina.

Bayan maganar Yaya sai muka ji kiɗa ya tashi, da ƙaho, da hayaniyar maza. Ashe a wurin taron aka ƙarasa ɗaukar kaset ɗin. A al'adar maharba, in an kira mutum a taro ba ya amsawa da "na'am". Ana jefa masa farkon kirarin gidansu ne, shi kuma ya miƙe ya ƙarasa da ƙarfi, sannan a harba masa bindiga sama. Wani tsoho ya ɗaga murya a cikin rikodar:

"Ina ɗan mai kwana a kurmi? Ina jikan baƙin ƙarfe?"

Sai kiɗan ya tsaya. Suka yi shiru. Sun bar masa wuri ne a cikin kaset ɗin, kamar yana tsaye a gabansu.

Na ga maigidana ya miƙe. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, mutumin da ko tari yake yi a bene sai ya rufe baki. Ya manta da Riyad, ya manta da mu. Ya ɗaga hannu sama ya kwarara ihu:

"Ga ni! Na mai kwana a kurmi, wanda gadu ke jin warinsa ya bar gona! Ga ni, ban mutu ba!"

Daidai nan mukayyif ya yanke, kamar yadda yake yi in ɗaki ya yi sanyi. Gida ya yi tsit. Sai bindigogin suka tashi a cikin rikodar da aka murɗa har ƙarshe, ɗaya na bin ɗaya, ga guɗar mata a kai. Gilashin taga har rawa ya yi. Kofin da ke hannuna ya faɗi. Yara suka farka da kuka.

Likita ne ya yi tsalle ya danne rikodar. Amma kafin ya janye hannu mun riga mun ji takun mutum a kan bene, sai bugun ƙofa.

Na shige kicin na saki labule, ina leƙe ta gefe. Mai ginin ne, ko ƙyallen da suke yafawa a ka bai tsaya sawa ba, ba takalmi a ƙafarsa. Idonsa yana ta zagaya falon, ƙarƙashin kujera, bayan labulen taga. Na gane kalma ɗaya da yake ta maimaitawa, ta makami. Maigidana ya nuna rikoda, amma Larabcin ya gudu ya bar shi. Likita ya shiga tsakani yana magana a hankali, ya kai hannu zai kunna don ya ji. Mai ginin ya ɗaga tafin hannu ya hana shi. Ya yi 'yan kalmomi a taƙaice, ya juya ya sauka.

"Me ya ce?" in ji maigidana.

Likita ya zauna tukuna kafin ya amsa. "Ya ce tsohuwarsa ta faɗi a wurin alwala saboda firgita. Ya ce ya ji harbi, ya ji namiji yana ihun yaƙi, kuma ba rikoda ce ta yi ihun ba. Ba zai kira shurɗa ba, wato 'yan sanda, saboda yara. Amma ranar Asabar da safe zai je asibiti ya ga manaja."

Asabar ita ce farkon mako a can. Dukanmu mun san ba sai an bincika ba. Manajan da ke neman wanda zai rage, a ce masa ga baƙo an ji harbi da ihu a gidansa, ai an gama masa aiki.

Na fito na kwashe fasassun kofin, na lallashi yara, na ba su biskit suka koma ɗaki. Ina dawowa na tarar sun fara.

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Likita. "Injiniya guda, da gemunka, ka tsaya kana amsa wa kaset. Da sun ce ka yi rawa ma sai ka yi?"

"An kira gidanmu."

"An kira gidanku a cikin roba! Saboda wata harba-ka-ruga da rabonta da tashi tun muna 'yan makaranta."

"Kar ka ƙara ce mata haka."

"To, na bari. Amma ka saurare ni. Ka mallaki bindiga, ban ce laifi ba ne, gadonka ce. Shiga ƙungiya kuma wani abu ne daban. Yau Sarkin Baka ne, mutumin kirki. Gobe wa zai shigo? Duk mai bindiga ɗan'uwanku ne ke nan, har wanda ke ba da aron tasa a tare hanya. In an kama shi ƙungiya za ta tsaya masa, da sunanka a ciki, kai kana nan kana gyaran inji ba ka san abin da ake yi ba. In siyasa ta dawo kuwa, su za a fara saye. Ni na ɗinke mutanen da aka harba da irin waɗannan bindigogin, na san abin da suke yi wa ciki."

"'Yan fashin sun miƙa nasu ne?" in ji maigidana. "Wanda ke da gida da gona shi ake samu a karɓe tasa, don an san inda yake kwana. Gidan Inna shi ne na ƙarshe a bakin gari, ka sani. In maharba suka zama hannu wofi, wa zai fito in an yi ihu? Kai? Da allurarka?"

"Da allurata nake ciyar da gida, kai ma da sufanarka. Maganar reshe kuwa, ko a mafarki kar ka yi ta. A ƙasar nan baƙi ba sa kafa ƙungiyar masu shan shayi ma, balle ta masu bindiga. Kaset ɗin nan ka farfasa shi ka zuba a shara tun kafin Asabar."

Aka kira magariba suka fita masallaci, kowa fuska a ɗaure. Ni kuwa na cire kaset ɗin daga rikoda na soke shi a ƙugun zanena.

Ina wanke-wanke ina juya maganarsu, kuma abin da ya dame ni shi ne kowannensu na ga abin da yake faɗi da idona. Ina budurwa an taɓa tare matan garinmu a hanyar dawowa daga kasuwa, aka ƙwace musu har ɗankunne. Daga ranar maharba suka riƙa raka mu duk ranar kasuwa, biyu a gaba biyu a baya, ba wanda ya biya su. Amma kuma ɗan ƙanwar babata yatsu uku ne a hannunsa na dama, saboda wani ya ba shi aron bindiga yana yaro ta fashe masa. Wanda ya ba da aron maharbi ne, kuma maharba suka rufa masa asiri, maganar ta mutu.

Da maigidana ya dawo shi kaɗai, ya zauna a ƙasa ya jingina da kujera. Ya dubi rikoda ya ga ba komai a ciki.

"Ina kaset ɗin?"

"Yana wurina, Malam."

"Kawo in fasa."

"In ka fasa, ranar Asabar da me za ka nuna cewa rikoda ce ta yi harbin?"

Can ya ce, "Na ja mana." Na zuba masa ruwa. Ya sha, ya riƙe kofin yana juya shi.

"Ke me kika gani? In shiga ko in bari?"

Ba kasafai yake tambayata irin wannan ba, don haka ban yi saurin magana ba. Na ce masa ni a ganina bindigar da ba mai magana a kanta ta fi ba ni tsoro. Ko a karɓe ta a gaban Inna tana kallo, ko wani yaro a dangi ya ga ba mai ita ya sauke ta. In ƙungiya za ta sa a san ta, a yi mata takarda, to ya shiga. Amma ya faɗa da bakinsa a cikin kaset ɗin amsar da zai aika cewa ba a ba kowa aronta, ko ɗan Yaya ne. Ya kuma faɗa cewa ranar da ƙungiya ta tsaya wa ɓarawo ko ta bi ɗan siyasa, a cire shi.

"Maharbi ba ya shiga da sharaɗi," ya ce. "Dariya za su yi min."

"Su yi. Kai ne ba ka nan, kai ne ba za ka ga abin da ake yi da sunanka ba. Likita bai yi ƙarya a wannan ba."

"Reshen fa?"

"Babu reshe, Malam. Ba a gidan nan ba, ba a garin nan ba. Ka ce wa Sarkin Baka ƙasar mutane ce."

Sannan ya ce amsar ma ba ta yiwuwa, don kirari ba a yin sa da raɗa, in ya yi shi ƙasa-ƙasa za su ce ciwo yake yi ko tsoro. Na ce akwai fili bayan Dir'iyya, tsohon garin da ke gefen Riyad, inda muke kai yara su yi gudu, can ko ya tsage maƙogwaro ba mai ji sai duwatsu. Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai daɗe ba.

"Duk wannan in mun wuce Asabar ne," ya ce. Ya ce zai sauka ya ba mai ginin haƙuri. Ya sauka, na ji yana ƙwanƙwasawa, na ji ya daɗe a tsaye. Ba a buɗe ba.

Washegari Juma'a, bayan asuba na soya masa. Na zuba a kwanon Yumma da ke wurina, na sa abaya, na mayar da kaset cikin rikoda na maido shi farko, na rungume ta a ƙarƙashin mayafi. Maigidana yana zaune a kan darduma. Na ce, "Zan sauka wurin Yumma." Ya dubi kwanon, ya dubi tudun da rikodar ta yi a jikina. Na ɗauka zai hana ni.

"Ki rage mata murya," ya ce.

Na sauka ƙasa. Na bi ta ƙofar mata na yi sallama. Yumma tana zaune a kan katifar ƙasa, an ɗaure mata wuyan hannu da bandeji. Ta amsa sallamar, amma ba ta ce in zauna ba. Na ajiye kwanon, na durƙusa, na nuna hannun nata na ce ta yafe mana, da ɗan Larabcin da nake da shi. Ta kawar da kai.

Na fito da rikodar. Ta ɗaga hannu kamar yadda ɗanta ya yi jiya, amma na riga na danna. Muryar Inna ce ta fito, a hankali, tana tambayar yara. Na ce, "Uwar mijina." Na nuna gwiwata na nuna tata, don ta gane ita ma ciwon gwiwa take yi. Yumma ta sauke hannun. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta saurari tsohuwar har ta gama.

Na bar shi yana tafiya. Yaya ya yi nasa, kiɗa ya tashi, tsohon ya yi kira, aka yi shirun nan. Na nuna sama, na nuna bakina, don ta gane a nan ne mijina ya amsa. Sai bindigogin suka tashi, ƙanana, kamar ana gasa masara tana fashewa, guɗa ta biyo baya.

Guɗar ce ta juyo da ita. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta ce in ƙara murya, na ƙara kaɗan. Ta fara magana da sauri tana nuna yamma, tana ware hannuwa tana nuna tsawon wani abu. Na tsinci "babana", na tsinci "biki", na tsinci Dir'iyya. Ta ɗaga lafiyayyen hannun sama ta yi kamar tana harbi, sai ta yi dariya, dariyar ta koma share ido da gefen mayafi.

Ta ƙwala wa ɗanta kira. Ya zo ya tsaya a bayan ƙofa, ya ba mu gefe saboda ni. Ta sa na sake kunnawa tun daga kiɗan. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sai ta yi masa magana da muryar da uwa ke yi wa ɗa ko ya yi furfura. Na ji "Asabar" a ciki, na ji "abin kunya". Ya amsa, ta katse shi. Sannan ya juyo da magana gare ni a hankali, yana rarraba kalmomin don in gane: shi ke nan, ba zai je ba. Amma ba taro a gininsa, kuma kar a sake jin wannan kaset ɗin a sama.

Kafin in ce komai Yumma ta miƙa hannu ta danna rikodar, ta zare kaset ɗin ta tura ƙarƙashin matashinta. Ta dafa matashin ta dube ni. Na ce to. Ta ɗauki masa ɗaya ta gutsura, ta nuna min gefen katifa, na zauna har ta ci biyu.

Da na hau sama maigidana yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "An fasa zuwa asibitin. Kaset kuma ya zama na Yumma." Ya zame ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hannu. Na wuce shi na shiga ciki, na buɗe durowa na ɗauko sabon kaset na sa a rikoda, na canja mata batir. Na cika gorar ruwa, na nemo takalman yara, na jera su duka a bakin ƙofa, don in an sauko daga Juma'a mu kama hanyar Dir'iyya.